Babi Na Uku: Ahmadu Bello da Ahmadu Ahijo, Takwarori a Kan Iyaka Ɗaya

3.0 Gabatarwa

Sunan Ahmadu, wanda asalinsa Ahmad ne, ɗaya daga cikin sunayen Manzon Allah (SAW), ya daɗe yana yawo a gidajen mulki na Afirka ta Yamma. Akwai Shehu Ahmadu Lobbo wanda ya kafa daular Masina, akwai Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Futi wanda ya yi mulki a Segu, sannan a Sakkwato an yi Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku (1859-1866) da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i (1867-1873). Wannan babi ya keɓanta ga mutum biyu masu wannan suna waɗanda suka yi siyasa a zamani ɗaya, wato Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa ta Nijeriya, da Alhaji Ahmadu Ahijo, Shugaban Ƙasar Kamaru na farko.

Dalilin haɗa su a babi guda ya wuce zamansu takwarorin juna. Dukkansu Fulani ne Musulmi, dukkansu sun fito daga ƙasar da take ƙarƙashin Daular Usmaniyya kafin zuwan Turawa, kuma kowannensu ya hau mulki ne a kan kafaɗar jam'iyyar da ta yi ƙarfi a arewacin ƙasarsa. Bugu da ƙari, tsakanin 1959 da 1961 sun yi ja-in-ja a kan yanki guda, wato Arewacin Kamaru na hannun Ingila. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tushen ikon kowannensu daban yake da na ɗan'uwansa, kuma wannan bambanci shi ya sa ɗaya ya riƙe jiha ya bar wa wani tsakiya, ɗayan kuwa ya kama tsakiya ya rushe jihohi.

3.1 Ƙasar da Turawa suka raba

Kafin a shiga tarihin mutanen biyu ya kamata a san yadda garuruwansu suka faɗa a ƙasashe daban-daban. Wajen 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa masarautar Fombina wadda aka fi sani da Adamawa, kuma daga 1841 Yola ta zama hedikwatarta. Garwa da Marwa da Ngawundare da Tibati da Banyo da Rai Buba, waɗanda suke cikin Kamaru a yau, duk lamidonsu Yola suke kai gaisuwa, ita kuma Yola ta kai Sakkwato. A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Jamusawa kuma suka kama Garwa, Lamido Zubairu ya fita gudun hijira har aka kashe shi a 1903. A wannan shekara ce kuma, ranar 15 ga Maris, Sakkwato ta faɗa hannun Turawa. Ta haka fadar Adamawa ta zauna a Nijeriya, mafi yawan ƙasarta kuwa ta tafi Kamaru ta Jamus.

Da aka ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai Ingila da Faransa suka raba Kamaru a tsakaninsu. Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, har da Garwa da Yawunde da Duwala. Ingila ta sami wani siririn yanki a gefen iyakar Nijeriya ta gabas, ta kuma kasa shi biyu, Kudanci da Arewaci. Daga 1946 duk waɗannan yankuna suka koma ƙasashen riƙon amana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai dai Ingila ba ta yi wa Arewacin Kamaru gwamnatinsa na kansa ba. Ta haɗa Dikwa da Lardin Barno, ta sa Mubi da Madagali da ƙasar Camba da Gashaka da tsaunin Mambila a ƙarƙashin En'e ta Adamawa, wani ɗan yanki kuma ya bi Lardin Binuwai. Wannan tsari shi ne ya zama abin ƙara a gaban Kotun Duniya daga baya.

3.2 Ahmadu Bello: daga Raba zuwa Kaduna

An haifi Ahmadu Bello a garin Raba a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Raba, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu. Bayan karatun allo da makarantar lardi ta Sakkwato, ya shiga Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, inda ya haɗu da irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku, sannan a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Raba.

Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu yana cikin waɗanda suka nemi gadon sarautar, amma Allah ya ba Abubakar na Uku. Sabon sarkin ya naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau ya riƙa lura da gundumomi 14 na gabashin ƙasar. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara guda, ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya aka wanke shi. Wannan shari'a ta fito da sunansa a wajen 'yan bokon Arewa, waɗanda suka ɗauke shi a matsayin wanda ya tsaya wa zalunci. Abin lura a nan shi ne, rikicin da ya sha da tsarin En'e bai sa ya juya wa tsarin baya ba. Gyara ya nema daga ciki, domin shi kansa ɗan gidan ne, kuma har ƙarshen rayuwarsa darajar gadon Sakkwato ba ta ragu a idonsa ba.

A 1948 ya je Ingila ya yi kwas a kan mulkin ƙananan hukumomi, a 1949 ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa. Da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sai tauraronsa ya fara haske. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, sannan na Ƙananan Hukumomi. A Maris 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar Ikko, Sardauna ne ya kawo gyaran da ya cire shekarar ya maye gurbinta da cewa sai lokacin da ya dace. Ihun da aka yi wa wakilan Arewa a titunan Ikko, da tarzomar Kano ta watan Mayu na wannan shekara, sun ƙara masa ƙyamar siyasar tsakiya. A 1954 ya zama shugaban NPC, ranar 1 ga Oktoba kuma ya zama Firimiyan Arewa.

A zaɓen tarayya na Disamba 1959 NPC ta sami kujeru 134 cikin 312, ta fi kowace jam'iyya. Bisa al'adar tsarin majalisa irin na Ingila, shugaban jam'iyyar da ta fi rinjaye shi ne Firayim Minista. Sardauna ya ƙi zuwa Ikko, ya bar mataimakinsa Tafawa Ɓalewa a kan kujerar da yake riƙe da ita tun 1957. Masu yabonsa sukan kira wannan tawali'u, amma idan aka duba da kyau lissafi ne na siyasa. Arewa ce ke da kujeru 174 a majalisar tarayya, saboda haka wanda ya riƙe Kaduna shi ke da ta cewa a Ikko. Ƙarfinsa kuwa yana hannun sarakuna da hakimai da alƙalai da ma'aikatan En'e, waɗanda ba su da wani tasiri a ƙetaren Kwara. Tsarin tarayya mai jihohi masu ƙarfi shi ne garkuwarsa, don haka ya kare shi, ya kuma ƙi yarda a yanki ko taƙi ɗaya daga Jihar Arewa.

3.3 Ahmadu Ahijo: daga gidan waya zuwa fadar Yawunde

An haifi Ahmadu Ahijo a Garwa ranar 24 ga Agusta 1924, wato Sardauna ya girme shi da shekara 14. Ba ɗan gidan lamido ba ne, kuma a hannun mahaifiyarsa ya tashi. Ya yi karatun allo, ya shiga firamare a Garwa, sannan ya wuce babbar firamare ta Yawunde, wadda a lokacin ita ce ke horar da ƙananan ma'aikatan gwamnati. A 1942 ya kama aiki a gidan waya a matsayin mai sarrafa wayar iska, aikin da ya kai shi garuruwa da dama na kudu da arewa. Ya shiga majalisar wakilai ta Kamaru a 1947 yana ɗan shekara 22, daga 1953 kuma ya zama wakili a Majalisar Tarayyar Faransa.

Matsayinsa a arewacin Kamaru ya yi kama da na 'yan bokon da ba su da sarauta a Arewacin Nijeriya. Lamidai ba su sake da shi ba da farko, domin suna ganinsa yaro ne talaka mai neman rage musu iko. Abin da ya ɗaga shi shi ne halin da kudancin ƙasar ya shiga. Jam'iyyar UPC, wadda aka kafa a 1948, ita ce ta fara neman 'yancin kai da sake haɗe Kamaru biyu. Faransa ta haramta ta a 1955, 'ya'yanta suka shiga daji suka ɗauki makamai. Da aka kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a Mayu 1957, Andre-Marie Mbida ya zama Firayim Minista, Ahijo ya zama mataimakinsa kuma Ministan Harkokin Cikin Gida. Mbida ya ɓata da Babban Kwamishinan Faransa Jean Ramadier, gwamnatinsa ta faɗi, ranar 18 ga Fabrairu 1958 Ahijo ya gaje shi yana da shekara 33. Bayan haka ne ya kafa jam'iyyarsa ta UC a Garwa, inda ya ɗinke da lamidai, domin shi yana bukatar ƙuri'un talakawansu, su kuma suna bukatar wanda zai tsare musu mutunci a Yawunde.

Jerin abubuwan yana da muhimmanci. Sardauna ya sami sarauta, sannan jam'iyya, sannan gwamnati. Ahijo gwamnati ya fara samu, da ita ya gina jam'iyya, da su biyun ya jawo sarakuna. Da yawa daga 'yan siyasar kudu sun ɗauka riƙon ƙwarya yake yi, nan ba da daɗewa ba za su ture shi. Shi kuwa sai ya ɗauki manufofin UPC guda biyu, 'yancin kai da haɗewa, ya ƙara na uku, wato ci gaba da ƙawance da Faransa. Sojojin Faransa suka kashe jagoran UPC Ruben Um Nyobe a daji ranar 13 ga Satumba 1958, aka sa wa magajinsa Felix Moumie guba a Janiba a 1960. Kamaru ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960 ana tsakiyar yaƙi a ƙasar Bamileke da ta Basa, a watan Mayu kuma Ahijo ya zama Shugaban Ƙasa. Sai a 2025 Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa yaƙi ƙasarsa ta yi a Kamaru a waɗancan shekaru.

3.4 Inda suka yi karo: ƙuri'ar 1959 da ta 1961

Da 'yancin Nijeriya ya gabato, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a tambayi mutanen Kamaru ta Ingila inda suke so su dosa. Ta naɗa Dokta Jalal Abdoh na ƙasar Iran ya lura da ƙuri'ar. An fara da Arewaci ranar 7 ga Nuwamba 1959, maza kaɗai suka jefa. Tambayar ita ce, ko yankin ya zama ɓangaren Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami 'yanci, ko kuwa a ɗage yanke shawara zuwa wani lokaci. Gwamnatin Kaduna da jami'an Ingila sun ɗauka an gama, tun da yankin ya shekara kusan 40 ana mulkinsa tare da Arewa. Da aka ƙirga sai aka sami mutum 70,546 sun zaɓi a ɗage, 42,788 suka zaɓi Nijeriya. Wannan na cikin manyan kayen da Sardauna ya sha a siyasarsa, kuma ya zo ne saura wata guda a yi zaɓen tarayya.

Dalilin kayen yana cikin gida. Mafi yawan mazauna yankin ba Fulani ba ne, da yawansu kuma ba Musulmi ba ne a lokacin. Akwai Higi da Margi da Fali da Camba da Mambila da sauransu, waɗanda hakiman da ake turo musu daga Yola suke karɓar harajinsu, suna yi musu shari'a da dokar da ba tasu ba. A wajen mutanen duwatsun Mandara, harin kamun bayi ba tsohon labari ba ne. Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda littafin da ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum yake cike da lissafin mutanen da ya kamo, sai a 1927 aka tuɓe shi. Wato dattawan da suka jefa ƙuri'a a 1959 sun ga zamaninsa da idonsu. Jam'iyyun adawa, musamman AG ta Cif Awolowo da wata jam'iyyar yankin mai suna NKDP, sun yi amfani da wannan ƙorafi. Saboda haka ƙuri'ar 1959 hukunci ce a kan En'e ta Adamawa, wato a kan tsarin da ƙarfin Sardauna ya dogara da shi.

A Yawunde an fassara sakamakon da wata ma'ana daban. Ahijo ya ɗauka cewa wanda ya ƙi Nijeriya Kamaru yake so. Yana kuma da dalilin matsa ƙaimi, domin a majalisarsa wakilan arewa ne ginshiƙinsa, kuma Arewacin Kamaru na Ingila zai ƙara masa jama'a masu alaƙa da Garwa da Marwa ta jini da addini da kasuwanci. Kudancin kuwa, mai hedikwata a Buya, Kiristoci ne suka fi yawa, suna aiki da Ingilishi, suna da majalisarsu da firimiyansu John Ngu Foncha, kuma maƙwabtan ƙasar Bamileke ne inda ake tawaye. Akwai abin mamaki a nan, domin mutanen da suka guje wa hakiman Fulani na Yola, wanda yake kiransu su zo shi ma Bafillace ne, kuma lamidai ne abokan tafiyarsa.

Sardauna bai tsaya musun abin da ya faru ba. A cikin 1960 aka cire yankunan daga ƙarƙashin Yola, aka kafa musu En'e-en'ensu a Mubi da Gwoza da ƙasar Camba da Gashaka da Mambila, aka sauke wasu hakimai da jama'a suka ƙi. Daga 1 ga Oktoba 1960, da Nijeriya ta sami 'yanci, Ingila ta naɗa Sa Percy Wyn-Harris ya riƙe yankin shi kaɗai kafin ƙuri'a ta biyu. Sardauna ya yi alkawarin cewa idan suka zaɓi Nijeriya za su sami lardinsu na kansu, ba za a mayar da su hannun Adamawa ba. Jam'iyyun Nijeriya da suke gaba da juna suka haɗa kai a wannan karon, tun da tambayar ta canja, babu zaɓin ɗagewa, ko Nijeriya ko Kamaru. Labarin yaƙin da ake yi a Kamaru ta Faransa shi ma ya taimaka wa ɓangaren Nijeriya ƙwarai.

An yi ƙuri'a ta biyu ranakun 11 da 12 ga Fabrairu 1961, kuma a wannan karon mata sun jefa, abin da matan Jihar Arewa ba su samu ba sai bayan shekara 15. A Arewaci mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. A Kudanci 233,571 suka zaɓi Kamaru, 97,741 suka zaɓi Nijeriya. Idan aka haɗa alƙaluman yankunan biyu, Kamaru tana da 331,230, Nijeriya tana da 244,037. Ke nan da an ƙirga Kamaru ta Ingila a dunƙule, da dukkanta ta tafi wajen Ahijo. Wannan lissafi shi ne zuciyar ƙorafin gwamnatin Yawunde, wadda ta ce Ingila ta saɓa wa sharuɗan amana tun ranar da ta raba yankin biyu ta cusa rabi cikin lardunan Nijeriya, ta kuma yi zargin an tauye magoya bayanta a lokacin yaƙin neman ƙuri'a.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sakamakon ranar 21 ga Afrilu 1961. Ranar 1 ga Yuni yankin ya shiga Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedikwatarsa a Mubi. Ahijo ya ayyana wannan rana a matsayin ranar makoki a ƙasarsa. Kwana biyu kafin nan, ranar 30 ga Mayu, Kamaru ta kai Ingila ƙara a Kotun Duniya da ke birnin Heg. Ranar 2 ga Disamba 1963 kotun ta ce ba za ta yanke hukunci a kan ainihin ƙarar ba, domin amanar ta riga ta ƙare, kuma duk abin da za ta faɗa ba zai canja komai ba.

Idan aka yi wa ɓangarorin biyu adalci, Ahijo yana da gaskiya cewa yadda Ingila ta yi mulkin yankin ya karkata ma'aunin tun kafin a zo ƙuri'a. Amma ƙuri'ar 1959 ta nuna cewa mutanen ba raƙumi da akala ba ne, sun iya ƙin abin da Razdan da Lamido suke so. Abin da ya sauya tsakanin ƙuri'un biyu shi ne Sardauna ya ba su abin da suka nema. Ya yi musu abin da ya hana Tibi da sauran masu neman jihar tsakiya, domin su waɗannan suna da wata ƙofar fita, kuma duniya tana kallo.

3.5 Abin da kowannensu ya yi da rabonsa

Sardauna ya rayu ƙasa da shekara 5 bayan wannan nasara. A cikinsu aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, aka kafa Jama'atu Nasril Islam, aka ci gaba da mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa, ranar 1 ga Janairu 1966 kuma jaridar New Nigerian ta fara fita. Murabus ɗin da aka sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi a 1963 ya nuna cewa gwamnatin Kaduna ta fi kowane sarki ƙarfi, ko da yake ba ta rushe sarautar ba. Mulkin yana da tabonsa. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, an kuma zubar da jini a ƙasar Tibi a 1960 da 1964. Daren 15 ga Janairu 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka kashe shi a gidansa na Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu. A Mayu 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida. Lardin Sardauna ya shiga Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 mafi yawansa ya koma Gongola, wadda aka raba ta Adamawa da Taraba a 1991. Sunan ya saura a Ƙaramar Hukumar Sardauna mai hedikwata a Gembu.

Ahijo kuwa ya karɓi rabin da bai fi so ba. A taron Fumban na Yuli 1961 aka shirya tsarin tarayya mai jihohi biyu, ranar 1 ga Oktoba ƙasar ta haɗe, Foncha ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa. Sai dai tun daga farko iko yana hannun shugaban ƙasa. Dokar hana zagon ƙasa ta 1962 ta rufe bakin 'yan adawa, ranar 1 ga Satumba 1966 aka narkar da jam'iyyu cikin guda ɗaya mai suna UNC. An harbe Ernest Ouandie, jagoran UPC na ƙarshe a daji, a garin Bafusam ranar 15 ga Janairu 1971. Ranar 20 ga Mayu 1972 aka yi ƙuri'ar raba gardama wadda ta soke tarayyar baki ɗaya, da rinjayen da aka ce ya haura kashi 99 cikin 100. Lamidan da suka ɗaga shi ma ba su tsira ba, domin dokar 1977 ta mayar da sarakunan gargajiya mataimakan jami'an mulki. Mutumin da ba shi da gadon sarauta, ba shi kuma da rinjaye a kudu, duk wata majalisa ko fada mai cin gashin kanta barazana ce gare shi. Ƙorafin masu magana da Ingilishi a kan soke tarayyar 1972 yana cikin manyan dalilan rikicin da ya ɓarke a yankinsu daga 2016.

Duk da zafin 1961, Ahijo bai rama a kan Nijeriya ba lokacin da dama ta samu. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 Faransa ta karkata ga Biyafara, Gabon da Kwaddibuwa suka amince da ita a 1968, shi kuwa ya tsaya tare da gwamnatin Janar Gowon, yana kuma cikin shugabanni shida na kwamitin sulhu da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa. Ba abin mamaki ba ne, domin mai yankin Ingilishi a maƙwabtakar Biyafara ba zai so a ga ɓallewa ta yi nasara ba. Ranar 1 ga Yuni 1975, shekara 14 cif bayan ranar makokin, shi da Gowon suka sa hannu a yarjejeniyar Marwa a kan iyakar ruwa, wadda Kotun Duniya ta amince da ingancinta a hukuncin Bakasi na 10 ga Oktoba 2002.

Ranar 4 ga Nuwamba 1982 Ahijo ya ba da sanarwar murabus da kansa, bayan kwana biyu Firayim Ministansa Paul Biya ya yi rantsuwa. Ya riƙe shugabancin jam'iyya yana zaton daga nan zai ci gaba da juya al'amura, kamar yadda Sardauna ya riƙa yi daga Kaduna. Amma a tsarin da shi kansa ya gina babu wani wurin tsayawa a wajen fadar shugaban ƙasa. A Yuli 1983 ya bar ƙasar, a Agusta Biya ya raba Lardin Arewa gida uku, a Fabrairu 1984 kotun soja ta yanke wa Ahijo hukuncin kisa ba ya nan, ko da yake an sassauta shi zuwa ɗauri. Yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984 ya rufe ƙofar dawowarsa. Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, aka binne shi a maƙabartar Yof. Gidan da aka kashe Sardauna a cikinsa an mayar da shi cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa tun 1970. Matar Ahijo, Germaine, ta shekara fiye da 30 tana neman gwamnatin Kamaru ta mayar da gawar mijinta gida da girmamawar shugaban ƙasa, da ta rasu a 2021 aka binne ta kusa da shi a Dakar.